Idan 'Yan Wasa Biyu Sun Yi Kunnen Doki a Zaɓen FPL Draft

A tsarin Fantasy Premier League da aka fi sani, mutum dubu na iya mallakar ɗan wasa ɗaya a lokaci guda, kowa ya ɗaura masa kambun kyaftin, kowa ya kwashi maki iri ɗaya. FPL Draft, wanda hukumar gasar Firimiya ta Ingila ta ƙaddamar a kakar 2017/18, ba haka yake ba. Ko ku biyu ne ko ku goma sha shida, zaɓe kuke yi bi-da-bi, kowa ya ɗauki 'yan wasa 15: masu tsaron raga biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku. Wanda wani ya ɗauka ya fita daga kasuwa. Babu kuɗin sayen 'yan wasa, babu kyaftin, babu dokar nan ta kada a wuce mutum uku daga ƙungiya ɗaya. Abin da ke hannunka shi ne layinka, sai agogon da ke ƙirga maka daƙiƙoƙi, daga 30 zuwa 120 gwargwadon yadda mai haɗa gasar ya saita shi.

Zagayen farko ba ya wahalar da kowa. Sunayen da ke sama sanannu ne, ko yaron da ke karɓar kuɗi a ƙofar gidan kallo zai lissafo maka su. Ciwon kan yana farawa ne daga zagaye na uku zuwa wajen na tara, lokacin da jerin da ke gabanka ya ce wannan shi ne na 21, wancan na 23, ga kuma wani na 24, agogo kuwa na tafiya. A nan mutane ke rikicewa su danna wanda ke sama don kawai shi ke sama. To amma dubi abin da lambar take nufi. In masu hasashe sun ce wani zai kawo maki 165 a kaka, wani kuma 158, tazarar maki bakwai ce a cikin mako 38. Ƙwallo ɗaya da ɗan tsakiya zai ci, tare da makin kyauta da ke biyo bayanta, ta isa ta shafe wannan tazara. Jerin ya riga ya gaya maka iyakar saninsa, wato su biyun kunnen doki ne. Ragowar aikin naka ne, kuma tun kafin ranar zaɓe ake yin sa.

Fara da wargaza jerin. Ɗauki takarda, ka ware kowane gurbi daban, sannan ka raba 'yan wasan cikinsa gida-gida. A gida ɗaya ka zuba waɗanda in aka ba ka kowanne daga cikinsu ba za ka yi ƙorafi ba. Inda ka ga daga wannan suna zuwa na ƙasa da shi akwai gangara ta gaske, ja layi ka buɗe sabon gida. Ba sai gidajen sun zo daidai da juna ba. Wani gidan mutum ɗaya ne a ciki: a kakar 2024/25 Mohamed Salah ya ci ƙwallo 29, ya bayar da 18 aka ci, ya tara maki 344, wanda ya bi masa baya, Bryan Mbeumo, yana da 236. Wani gidan kuma za ka iske mutum tara a cunkushe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ta wasa ɗaya mai kyau ba. Amfanin wannan takarda shi ne ta sauya maka tambaya. Maimakon ka tsaya kana auna wa ya fi wa iya ƙwallo, sai ka dubi wane gida ne ke gab da ƙarewa.

Wane ne zai jira ka?

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi sau ɗaya da hannunsa. A gasar mutum takwas, 'yan wasa 120 za a ɗauka: masu tsaron raga 16, 'yan baya 40, 'yan tsakiya 40, 'yan gaba 24. Ƙungiyoyin Firimiya 20 ne. Yawancinsu da 'yan baya huɗu suke fita, ke nan kusan mutum 80 ke fara wasa kowane mako, rabinsu kawai za a ɗauka. 'Yan tsakiya sun ma fi haka yawa, domin wasan yana lissafa akasarin 'yan gefe a matsayin 'yan tsakiya. Amma ɗan gaba guda ɗaya tak yawancin masu horarwa ke sawa a yanzu. Gurbi 24, masu fara wasa kusan 20 da 'yan kai. Kafin a tashi daga zaɓen, duk ɗan gaban da ke da tabbacin riga ya samu uban gida, har an fara kwasar na benci. In ku goma ne, gurabun sun zama 30, abin ya ƙara tsanani.

Saboda haka idan ɗan tsakiya da ɗan gaba suka yi maka kunnen doki, tambayi kanka: in na bar wannan, wa zan samu a madadinsa nan gaba? Ɗan tsakiya na 41, wanda ba wanda ya ɗauka, har yanzu mutum ne mai buga minti 90, wataƙila ma shi ke bugun kwana a ƙungiyarsa. Ɗan gaba na 25 kuwa mai shigowa ne a minti na 75. Darajar ɗan wasa a wannan tsari ita ce ratar da ke tsakaninsa da wanda za ka iya tsinta kyauta a gurbinsa, ba jimillar makinsa kaɗai ba.

Kada dai wannan ya kai ka ga wauta. Dokar maki tana fifita ɗan tsakiya: ƙwallonsa maki biyar ce, ta ɗan gaba huɗu, kuma yana samun ƙarin maki ɗaya duk ranar da ba a zura wa ƙungiyarsa ba muddin ya buga minti 60. In kowannensu ya ci ƙwallo 15, kuma ƙungiyar ta kare ragarta sau 12, ɗan tsakiya ya ba ɗan gaba ratar maki 27 ba tare da ya fi shi komai a fili ba. Ƙarancin 'yan gaba dalili ne na raba gardama tsakanin waɗanda suka yi daidai. Ba dalili ba ne na tsallake ɗan tsakiya na gidan farko don ɗan gaba na gida na uku.

Sai kuma tsarin layin kansa, wanda mutane da yawa ba sa cin moriyarsa. Zaɓen tafi-ka-dawo ne: wanda ya zo ƙarshe a zagayen farko shi ke farawa a na biyu. A gasar mutum takwas, wanda ke na biyu a layi zai yi zaɓe a lamba 2, sai 15, 18, 31, 34, 47, 50. Lura da kyau. Tsakanin 15 da 18 zaɓe biyu ne kawai, kuma duka biyun mutum ɗaya ne zai yi su, wato na farko a layi. Tsakanin 18 da 31 kuwa zaɓe goma sha biyu ne. To in kana lamba 47, kana son mutum biyu, ɗan gaba da ɗan baya, leƙa tawagar wanda zai yi zaɓe tsakaninka da lamba 50. In ya riga ya cika 'yan gabansa uku, doka ba za ta bar shi ya ƙara ba. Ɗauki ɗan bayan yanzu, ɗan gaban zai jira ka. Gardamar da kake ta yi da kanka ta mutu, ka samu duka biyun. Amma a lamba 50, inda doguwar jira ke gabanka, kada ka bar kowa da fatan zai dawo. Wanda ke tsakiyar layi, kamar na huɗu, jirarsa kusan daidai take kowane zagaye, shi ya sa takardar gidaje ta fi masa amfani fiye da kowa: in gida ya rage mutum biyu kuma akwai zaɓe takwas kafin layi ya dawo, gidan ya tafi.

Sanin abokan zaɓenka ma wani ilimi ne. A irin gasar da abokai ke haɗawa a Kano ko Kaduna ko Jos, da wuya a rasa magoya bayan Manchester United da Arsenal da Chelsea da Liverpool, kuma kowa hannunsa na rawa a kan 'yan ƙungiyarsa. 'Yan waɗannan ƙungiyoyi kan tafi da wuri fiye da yadda jeri ya nuna, 'yan Brentford da Bournemouth da Fulham da Crystal Palace kuma su daɗe a ƙasa ba mai kallonsu. In ɗan Chelsea da ɗan Brentford suka yi maka daidai kuma kana son su duka, ɗan Chelsea za ka fara ɗauka. In ɗaya kawai kake buƙata, kana iya ɗaukar wani daban a wannan zagaye ka dawo wa ɗan Brentford daga baya.

Idan gurbinsu ɗaya, gidansu ɗaya

Nan ne ainihin kunnen dokin. 'Yan tsakiya biyu, ko 'yan baya biyu, ba wanda zai jira ka, dole ka zaɓi ɗaya. A ganina abu na farko, wanda ya fi sauran duka nauyi, shi ne minti. Wa ke da tabbacin fara wasa ya kuma kai sa'a ɗaya a fili?

Dalilin a bayyane yake cikin dokar maki. Wanda ya buga minti 60 yana da maki biyu, wanda bai kai ba yana da ɗaya. Makin kare raga ma sai an kai minti 60 ake ba da shi. Ɗan wasan da ya fara duk wasanni 38, ya kuma kai minti 60 a kowanne, ya tara maki 76 tun kafin ya taɓa ƙwallo. James Ward-Prowse ya buga kowane minti na gasar a kakar 2019/20 da ta 2020/21 a Southampton, ga bugun tazara ga kwana duk a ƙafarsa. Irin wannan mutum ba ya burge masu yanka bidiyo, amma ba ya barin ka da gurbi a buɗe. Tun da aka mayar da canjin 'yan wasa biyar doka ta dindindin a kakar 2022/23, masu horarwa sun samu damar fitar da 'yan gefe tun wasa bai yi nisa ba, minti na 58 ya zama abin tsoro.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. In ɗan wasanka bai buga ko kaɗan ba, na'ura za ta ɗauko wani daga bencinka ta maye gurbinsa. In kuwa ya shigo a minti na 86 ya yi ɗan gudu biyu, ka samu maki ɗaya, kuma ya toshe wa na bencin hanya, ko da shi ya ci ƙwallo a ranar. Wanda ake yi wa wasa-yau-benci-gobe ya fi wanda ke jinya cutar da kai, domin mai jinya ka san matsayinsa. Masu wannan wasa sun daɗe suna kuka da Pep Guardiola a kan haka: ban da mutum biyu ko uku, ba ka sanin wa zai fara wa Manchester City sai takardar ta fito. A tsarin da aka saba za ka iya sayar da mutum ka sayi wani mai irin farashinsa. A nan babu wannan kasuwa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ɗan wasan ƙaramar ƙungiya da aka gina komai a kansa ya fi gwanin da ke takarar riga da wasu gwanaye biyu.

Tarihin rauni na cikin wannan lissafi, amma a yi masa adalci. Kowa na iya jin ciwo. Kevin De Bruyne ya fita a wasan farko na kakar 2023/24 da Burnley, bai dawo ba sai Janairu, ba kuma wanda zai ce an yi kuskuren ɗaukarsa, tunda ko a wasanni 18 da ya buga ya bayar da ƙwallo 10 aka ci. Abin dubawa shi ne raunin da ke maimaita kansa a wuri ɗaya, musamman tsokar bayan cinya. Reece James gwani ne da ba a musu, amma wasanni 10 kawai ya buga a kakar 2023/24. Buɗe tarihin kaka uku na kowane ɗayansu ka ƙirga wasannin da ya fara. In ɗaya na kai 33 ko 34 kullum, ɗayan kuma bai taɓa wuce 25 ba, gardama ta ƙare a nan, ba sai ka je ga sauran ma'aunai ba.

In minti ya zo daidai, sai a koma kan fenareti. Kusan uku daga cikin kowane huɗu na shiga raga, kuma babu wata dama a ƙwallon ƙafa da ke zuwa wa mutum a sauƙaƙe haka. Cikin ƙwallo 22 da Cole Palmer ya ci a 2023/24, tara fenareti ne. Cikin 18 na Bruno Fernandes a 2020/21, tara ne su ma, kuma kowannensu ya ƙare kakarsa da maki 244, a saman kowa. Mai bugun fenareti na iya yin wasa mara kyau tun daga farko har ƙarshe ya tashi da maki takwas. Sai dai a bincika ko har yanzu shi ne mai bugun, domin sabon koci ko sabon ɗan wasa na sauya layi. Wasannin share fage na watan Yuli da Agusta ba sa nuna komai game da ƙarfin ƙungiya, amma suna nuna wa ke ɗaukar ƙwallo ya ajiye a kan ɗigo. Bayan fenareti sai kwana da bugun tazara. Ga 'yan baya kuma, dubi wanda ake nufa da kwanar: Gabriel na Arsenal ya ci moriyar tsare-tsaren Nicolas Jover, mai horar da su irin waɗannan bugu.

Daga nan sai inda mutum yake tsayawa a fili, wanda wani lokaci ya saba da sunan da wasan ya ba shi. John Lundstram na Sheffield United ɗan baya ne a rajistar 2019/20, amma a tsakiya ya buga, ya ci ƙwallo biyar, kowacce maki shida, yana kuma karɓar maki huɗu na kare raga. Stuart Dallas na Leeds ya maimaita hakan a kakar da ta biyo, da ƙwallo takwas, ya fi kowane ɗan baya maki. Haka ɗan tsakiyan da kocinsa ke turawa gaba: da Harry Kane ya bar Tottenham, Son Heung-min ya riƙa buga tsakiyar gaba a wasanni da dama, ya ci 17 a kan farashin maki biyar-biyar. Duk shekara akwai irin waɗannan mutum biyu ko uku, kuma jerin da na'ura ta tsara bisa makin bara ba ya ganin su.

Ga 'yan baya, lissafin ya ɗan sauya daga kakar 2025/26, da aka ƙara maki biyu ga wanda ya tara aikin tsaro goma a wasa ɗaya, wato share ƙwallo, tare ta, katse ta, ko ƙwace ta daga ƙafar abokin hamayya. 'Yan tsakiya da na gaba sai sun kai goma sha biyu, amma su ana haɗa musu da tsintar ƙwallon da ta kuɓuce. Wannan ya ɗaga darajar 'yan tsakiyar baya na ƙungiyoyin da ake yawan matsa wa lamba, irin su James Tarkowski na Everton, waɗanda a da ba su da abin bayarwa in an zura musu. Karanta shafin dokokin maki kowace shekara kafin ka zana gidajenka. Minti biyar ne, kuma da yawa daga abokan zaɓenka ba za su yi ba.

Makin bara

Jerin da ke cikin manhaja yana jingina sosai da abin da ya faru a kakar da ta wuce, kuma makin bara ba ya bin mutum zuwa bana. Abin da ya fi bin sa shi ne yawan damar da yake samu. Akwai ma'aunin xG da ake samu kyauta a intanet, wanda ke ƙiyasta ƙwallo nawa ya kamata a ci daga irin wuraren da mutum ya yi harbi. In mutum biyu sun ci 12 kowannensu, ɗaya daga damarmakin da suka kai darajar 13, ɗayan daga na 7, na farkon ya fi kusa da maimaitawa. Chris Wood ya ci wa Nottingham Forest 20 a 2024/25, sama da abin da damarmakinsa suka nuna da tazara babba, yana kuma da shekara 33. Abin yabo ne, amma mai hankali ba ya gina gida a kan cewa za a sake. Wasu 'yan kaɗan, irin su Son, sun shekara da shekaru suna cin fiye da ƙiyasi, su kam a yarda da su. Kaka ɗaya ba ta isa hujja ba.

Sababbin zuwa daga wasu ƙasashe su ne suka fi rikita mutane, saboda suna na gaba da su. Erling Haaland ya zo daga Jamus ya ci 36 a kakarsa ta farko. Timo Werner ma daga Jamus ya zo, da ƙwallo 28 a Leipzig, ya ci shida a Chelsea. Romelu Lukaku ya dawo daga Inter da 24, ya ci takwas. In baƙo da ɗan gida suka yi kunnen doki a zagayen farko-farko, ni ɗan gida nake ɗauka, wanda na riga na ga yadda yake yi a filin Everton ranar da ake ruwa. Daga zagaye na goma zuwa ƙasa kuwa sai a juya: a can ne wurin gwada sa'a, tunda in bai yi ba za ka sake shi ka ɗauki wani ba tare da asara ba. Palmer kansa a bencin City yake lokacin da aka yi yawancin zaɓen 2023, sai ranar 1 ga Satumba ya koma Chelsea.

Wannan ya kawo mu ga kasuwar musayar 'yan wasa, wadda ba ta rufewa sai an buga mako biyu ko uku. Kane ya tafi Bayern Munich ranar 12 ga Agusta 2023, kwana ɗaya bayan an buɗe kaka, duk wanda ya kashe zaɓensa na farko a kansa ya tashi a tutar babu. Alexander Isak bai buga wa Newcastle ko wasa ɗaya ba a Agustan 2025 kafin ya koma Liverpool. In ana raɗe-raɗin tafiyar ɗaya daga cikin mutum biyun da kake aunawa, duba ina aka ce zai je. Komawa wata ƙungiyar Firimiya ba ya raba ka da shi. Fita daga Ingila kuwa asara ce tsantsa.

Gasar cin kofin nahiyar Afirka mu ta fi shafa, domin mu ne ke da sha'awar ɗaukar namu. Ta Kwaddibuwa an yi ta daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta kai wasan ƙarshe, ke nan Alex Iwobi da Calvin Bassey da Ola Aina da Frank Onyeka ba su koma ƙungiyoyinsu ba sai da aka gama. Salah ya ji rauni a wasan Masar da Ghana, bai koma buga wasa a jere ba sai cikin Maris. Ta Maroko, daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, ta faɗo daidai lokacin da Ingila ke cunkusa wasanni na ƙarshen shekara. A shekarar da gasar ta faɗo cikin kaka, cire wasanni uku zuwa shida daga lissafin duk ɗan Afirkan da ƙasarsa ta samu gurbi. Wannan ba zai sa ka bar Salah na 2024/25 don wani ba, amma tsakanin mutum biyu na gida ɗaya ya isa ya karkatar da ma'auni. Abin da za a guje wa shi ne tara su huɗu ko biyar a tawaga ɗaya, wata guda ya zo ka rasa wanda za ka sa.

Jadawalin wasanni ban ba shi nauyi sosai a manyan zagaye, tunda kowace ƙungiya za ta haɗu da kowace gida da waje, kai kuma riƙe mutumin za ka yi har Mayu. A zagayen ƙarshe-ƙarshe ne yake da amfani, wajen ɗan baya na huɗu da na biyar da mai tsaron raga na biyu, waɗanda dama za ka riƙa sauyawa. A can, ɗauki wanda zai fara da sababbin da suka hauro. A 2023/24 da 2024/25 duk ƙungiyoyi ukun da suka hauro sun koma inda suka fito, Sheffield United har ƙwallo 104 aka zura mata. Wasannin Turai ma a duba: ƙungiyar da ke buga Alhamis ta dawo Lahadi dole ta riƙa hutar da mutane, wadda ba ta da su kuwa tana iya fita da sha ɗaya iri ɗaya kowane mako, kamar yadda Forest ta yi a kakar da mai tsaron ragarta Matz Sels ya kare raga sau 13.

Tsarin gasarku ma yana da ta cewa, a taƙaice. In jimillar maki ake tarawa har ƙarshen kaka, ba ruwanka da yadda makin ya zo. In kuwa karawa ce ta mutum da mutum kowane mako, maki uku ga wanda ya yi nasara, to mai kawo biyar-biyar a kai a kai ya fi mai kawo 18 yau ya yi shiru wata guda, domin cin abokin karawa da ratar maki 30 da cin sa da ratar ɗaya duk maki uku ne.

In ka bi duk wannan har yanzu ba su rabu ba, ɗauki wanda kake son kallo. Ba abin kunya ba ne. Wata tara za ka yi da shi, kuma mai goyon bayan Arsenal da ke addu'ar ɗan Tottenham ya ci ƙwallo yana cikin wani hali da maki bakwai ba za su biya ba. Sharaɗin kawai shi ne son zuciya ya zo a ƙarshen layi, bayan minti da fenareti da sauran, kada ya riga su.

Duk hukuncin da ka yanke, shigar da shi cikin jerin sa-ido na manhajar tun daren jajibiri, a jere yadda kake so. In netwok ya yanke ko caji ya ƙare lokacin da layi ya zo kanka, na'ura daga wannan jeri take fara ɗauka, in ta iske shi babu kowa sai ta koma nata. Sa sunaye fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, aƙalla 60 a gasar mutum takwas, kuma ka cakuɗa gurabu yadda ba za ta kwasar maka masu tsaron raga biyu a zagaye na biyar da na shida ba. Takardar gidajen kuma ta kasance a gefenka da biro, kana soke duk wanda aka ɗauka, domin a cikin daƙiƙa 60 ba za ka samu lokacin buɗe wani shafi ba.